Amsa ga Malamar da ta tambaye ni kan Jikokin Ɓoye

Assalamu alaikum Malama, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A taron marubuta da masu karatu da aka yi a Tudun Wada kin miƙe kin yi mini tambaya, lokaci kuwa ya ƙure, aka tashi ban ce wani abin kirki ba. Tunda a bainar jama'a kika tambaya, a bainar jama'a zan amsa. Saboda waɗanda ba su halarta ba, ga abin da kika ce. Ɗalibanki mata na Islamiyya sun kamu da labarin da nake rubutawa na Jikokin Ɓoye, wata al'umma da na ce kakanninsu aljanu ne, wasunsu na sarrafa wuta, wasu iska, wasu ruwa, wasu ƙasa. Kika ce shin na yarda ɗan Adam zai iya zama jikan aljani har ya gaji irin wannan baiwa? In kuma ban yarda ba, don me nake cusa wa yara abin da ni kaina ban gaskata ba?

Ban yarda ba, Malama. Ni na ƙage su, da su da gidajensu huɗu, kuma ina so kowace yarinya a ajinki ta ji haka daga bakina.

Abin da na gaskata game da aljanu shi ne abin da kike karantar da su. Suratur Rahman aya ta 15 ta ce daga harshen wuta aka halicce su, Suratul Hijri aya ta 27 ta ce wutar samumu. Akwai muminansu, akwai kafiransu. Sun yi wa Annabi Sulaimanu bauta, masu gini da masu nutso a teku, har wani ifritu daga cikinsu ya ce zai kawo gadon sarautar Bilkisu kafin Annabin ya tashi daga mazauninsa. Duk cikin wannan babu inda aka ce ga aljanin ruwa, ga na ƙasa, ga na iska.

Batun aure tsakanin mutum da aljani kuwa, kin fi ni sanin ba yau malamai suka fara taɓa shi ba. Malam Badaruddini Shibli, wanda ya rasu a shekara ta 769 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa kan hukunce-hukuncen aljanu, Akamul Marjan, kuma a ciki ya kawo ruwayar cewa mutanen Yaman sun aika wa Imamu Malik tambaya kan wannan aure. Amsar da aka jingina masa ita ce ya ƙi abin, don gudun kada a ga mace da ciki, a ce wa ya yi miki, ta ce mijina aljani ne, ɓarna ta yawaita. Wasu malaman suka hana gaba ɗaya, suka kafa hujja da Suratun Nahli aya ta 72, cewa daga jinsinmu Allah ya yi mana matan aure. Labarin da ke yawo a wasu tafsirai cewa uwar Bilkisu aljana ce, malamai da dama sun raunana shi. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne hangen da ke cikin amsar Imamu Malik. Bai tsaya kan ko abin zai yiwu ba, ya duba abin da mutane za su yi da maganar in an sakar musu ita. Zan dawo kan wannan, don a nan damuwarki take da gaskiya.

To daga ina na samo rabon nan na huɗu? Wani a wurin taron ya yi gunaguni cewa kwaikwayon Turawa ne. Gaskiya ne akwai wasannin Amurka, na kwamfuta da na tebur, da suke da irin wannan jinsi, sun ɗauki ifritu sun ba shi wuta, sun ɗauki maridi sun ba shi ruwa, alhali maridi a Alƙur'ani siffa ce ta shaiɗani mai taurin kai, babu ruwansa da kogi. Amma rabon ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. Wani masanin Girkawa, Empedokilis, mutumin tsibirin Sisili, shi ya ce a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa komai na duniya daga wuta, iska, ruwa da ƙasa aka haɗa shi. Aristo, shi ma masanin Girkawa, ya ɗora a kai da zafi da sanyi da danshi da bushewa, likitocin Musulmi irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, suka gina ilimin ɗabi'un jiki a kansa. Ta wannan hanya ya iso zaurukanmu. Masu hisabi har yau suna kasa haruffan Larabci gida huɗu, na wuta, na ƙasa, na iska, na ruwa. Wato tsohon tunanin masana ne wanda kimiyya ta daɗe da wuce shi, ba aya ba ce, ba hadisi ba. Shi ya sa ma na ga ya dace da ƙagaggen labari, don ba a kan abin da aka saukar nake wasa ba.

Sauran kayan aikin kuwa a nan gida na tsince su. Kowa a Zazzau ya taso da jin kada a zauna gindin tsamiya da tsakar rana, kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, in guguwa ta taso a kauce mata. Gidan wuta na ba su ƙira. Gidan ƙasa magina ne, kuma ba zan ɓoye ba, Masallacin Juma'a na cikin birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu shi nake gani in ina rubuta su, ko da yake shi aikin ɗan Adam ne tsantsa, da gwaninta da gumi. Gidan ruwa na zaunar da su tsakanin Kubanni da Galma, gidan iska kuma a kan Dutsen Kufena.

Akwai abin da na bari da gangan. Ban taɓa kiran Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ko Inna ko birnin Jangare ba, don waɗannan na bori ne, akwai masu yi musu yanka har gobe. Wanda ya sa su a labari yana kambama su ya shiga wata gona daban.

Na kuma gindaya wa kaina sharuɗɗa tun kafin in rubuta shafin farko. Babu ko ɗaya cikin Jikokin Ɓoye da ya san gaibu, saboda Suratu Saba'i aya ta 14: Annabi Sulaimanu ya rasu a tsaye dogare da sandarsa, aljanu na ta wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar. Babu mai roƙonsu ko neman tsarinsu ya ga da kyau, saboda Suratul Jinni aya ta 6. Baiwar kuma ba kyauta ba ce. Yarinyar gidan wuta da ɗalibanki suka fi so, ba ta iya goya ƙaninta in ranta ya ɓaci, sai ta yi alwala ta huce. Maginin gidan ƙasa katangarsa ba ta faɗuwa da damina, amma in ya yi nisa da ganuwa ciwo yake kamuwa. Suna yunwa, suna cin bashi, suna mutuwa a yi musu sallah.

Ki kuma tuna garin da muke. A nan Zariya wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa a 1933, kuma cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai masu cike da aljanu, marubutansu kuwa mutane ne da suka yi karatun addini mai zurfi. Kafin su ma kakanninmu mata suna rufe tatsuniya da ƙurunƙus, su faɗa wa jikoki ƙarara cewa ƙarya suka shara. Yaron da aka rena a haka ya san bambancin Gizo da tarihin Annabawa.

Inda nake tare da ke shi ne wajen da maganar ke barin takarda ta sauka kan ɗan mutane. Ana haifar yaro da lalurar ƙwaƙwalwa, ya kai shekaru bai zauna ba, sai a fara raɗa cewa musanya shi aka yi, ɗan ruwa ne. Yarinya na fama da farfaɗiya, wadda magani ke iya shawo kanta a wurin mafi yawan masu ita, sai a ce aljani ne ya aure ta, a yi ta turare da duka, ba a kai ta Asibitin Koyarwa na Shika likita ya duba ta ba. Wannan ita ce ɓarnar da aka ce Imamu Malik ya hango, kuma ba marubuta ne suka kawo ta ba, amma marubuci na iya ƙara mata itace. Don haka akwai babin da nake kai yanzu, inda mutanen unguwa suka yanke cewa wani yaro mai farfaɗiya ɗan gidan iska ne, su kuwa Jikokin Ɓoye da kansu suka ce ba nasu ba ne, mara lafiya ne, a kai shi asibiti.

Ba zan daina rubuta labarin ba, Malama, kuma ba na so ki ɗauka na yi miki alkawarin haka. Amma wannan babin zan kawo miki shi a rubuce kafin kowa ya gani. Ki ja layi ƙarƙashin duk jimlar da kika ga za ta rikita wa yarinya 'yar aji uku aƙida, mu zauna a kanta, in kin yarda har da su ɗaliban.

Wassalam,
ɗanki marubuci,
Tudun Wada, Zariya.