Man Tub ɗin da Na Daina Sayarwa a Shagona

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni ƴar kasuwa ce, shekara 14 ke nan ina sayar da kayan jarirai a babbar kasuwar Maradi: kush, sabulu, man shafawa, hoda, tawul, bahon wanka da ƴan riguna. Kayan barka da yawa da ake kai wa masu jego a unguwarmu daga hannuna suke fita. Saboda haka maganar da zan yi ni ta fara kamawa kafin kowa, kuma na daɗe ina juya ta a raina kafin na ɗauki alƙalami.

Bara da bazara, lokacin da zafi ya wuce digiri 40, jikata tana da wata huɗu. Kush ya dafa mata matsematsi, wurin ya yi jawur, ko ruwa ya taɓa sai ta callara kuka. Uwarta ta zo shago hankali a tashe, ni kuwa na miƙa hannu kan kanta na ɗauko wani man tub da mata suke kira maganin ƙuraje. Na sayar da shi ba adadi, kowa yabonsa yake yi. Kwana biyu wurin ya washe kamar ba a yi ba. Da aka daina shafawa ya dawo, aka sake shafawa ya tafi. Haka muka yi ta yi har wajen mako shida. Wata safiya ina yi mata wanka na ɗaga ƙafarta a hasken rana, sai na ga fatar wurin ta yi fari fat, ta yi laushi kamar ledar ƙanƙara, ana hango ƴan jijiyoyi jajaye a ƙarƙashinta, ga wasu ƙananan ƙuraje sun kewaye gefen. Gabana ya faɗi.

A gidan likita malamar da ta duba ta ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce a nuna mata abin da ake shafawa. Ta juya tub ɗin, ta ɗora farcenta ƙarƙashin wata ƴar kalma da aka rubuta ƙanana: clobetasol. Ta ce wannan yana cikin mafi ƙarfin magungunan da ake kira kortikoyid, shi ne ma wanda wasu mata ke gaurayawa a man bilicin. Fatar jariri siririya ce, tana shan magani fiye da ta babba, kuma idan aka shafa aka rufe da kush sai ya ƙara shiga jiki har ya kai ga jini. Yana kwantar da jan ne kawai, alhali yana cinye fatar, yana kuma ba wa ƙwayar cutar da ke son danshi damar yaɗuwa. Sai ta ɗago ta ce, "Hajiya, wa ya ba ku wannan?" Na ce ni ce. Na yi lakwal, ina karanta Faransanci, amma tsawon shekarun nan ban taɓa juya tub ɗin na karanta bayansa ba.

Ta tsara mana yadda za a janye shi, ta rubuta wani magani, ta ce a riƙa barin yarinyar tana shan iska a kan zanen auduga, a wanke ta da ruwa zalla, a canja kush da zarar ya jiƙe. Alhamdu lillahi ta warke.

Tun daga nan nake lura da yadda muke zaɓen kaya. Mace za ta zo, ta buɗe murfi ta shinshina, ta kalli hoton jariri ɓul-ɓul a jikin kwali, ta tambayi kuɗi. A wata guda da ƙyar mutum biyu za su nemi ranar lalacewar kaya. Ban ga laifinsu sosai ba. Kayan nan wasu ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa daga Katsina da Kano, wasu daga bakin teku, rubutun jikinsu Ingilishi ne ko na Sin, wani ma an liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwa. Mu da muke sarowa mu ya kamata mu tsaya mu duba, mu kuma riba muke kallo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin ruwa da ƴan talla ke yawo da shi a tire da baro, rana na dukansa tun safe har la'asar. Mun saba, da yaro ya yi zazzaɓi ko zawo sai a ce haƙori ne, a aika a sayo kwalba. A Najeriya, tsakanin 2008 da 2009, yara 84 suka rasu sanadin wani maganin haƙori. A Gambiya a 2022 kimanin yara 70 suka tafi bayan shan maganin tari. Guba ɗaya ce a duka biyun, diethylene glycol, mai zaƙi a baki, tana kashe ƙoda, yaro ya daina fitsari. Ba uwar da za ta gane ta da ido ko da hanci. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, don iyakar nan tamu kullum kaya na ƙetara ta. Tun 2006 gwamnati ta ce duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne. Na san sau da yawa takardar magani ake miƙo maka ka je ka saya, kuma aljihu ba ya ɗauka. Duk da haka gara a kai yaron a duba shi, a sayi abin da aka rubuta a farmasi.

Madarar gari ta awo da ake ƙullawa a leda, ta shayi ce. Da yawanta an cire mata kitsen nono an zuba man ja da aka tace, ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. Wata shida na farko nonon uwa ya wadatar, ko ruwa ba sai an ƙara ba. Zuma ma, da muke ɗauka magani ce, likitoci sun ce a dakata sai yaro ya cika shekara.

Akwai maganar kwalli, wadda ta fi yi mini nauyi. Uwata ta sa mini, ni ma na sa wa ƴaƴana duka, kuma har gobe ina ganin kyan idon jariri da aka ja masa shi. Amma dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa, dalma ce a cikinsa. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Mu nan Maradi ba baƙin labarin dalma ba ne: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabtanmu. Can daga dutsen zinariya ta fito, mai yawa a lokaci guda. Ta kwalli kaɗan-kaɗan take taruwa, ba ta nuna alama, sai dai ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Na faɗa wa surukar ƴata haka, ba ta ji daɗi ba, muka yi kwanaki ana gaisawa sama-sama. Amma jikata ba a sake sa mata ba.

Yanzu idan magidanci ya zo da jaka ashirin zai haɗa kayan suna, nakan ce masa, "Alhaji, rage turare da hoda." Hodar nan idan aka bubbuga ta tashi, huhun yaro take shiga. Nakan haɗa masa sabulu mara ƙamshi, man kaɗanya mai tsabta don hunturu, zannuwan auduga da yawa, da sange, wanda ya fi hayaƙin maganin sauro a ɗakin maijego nesa ba kusa ba. Cibiya kuma a tambayi ungozomar asibiti maganin da ake sa mata, a bar toka da man zafi. Wasu suna godiya. Wasu sukan ajiye kayana su wuce shagon gaba, inda za a ba su tub ɗin ba tambaya, ni kuma in bi su da ido raina ba daɗi.

Ina roƙon gidajen rediyonmu su riƙa karanto sunayen nan, clobetasol da ɗan'uwansa betamethasone, suna bayani da Hausa, don matan ƙauye da ke shigowa cin kasuwa su ji. Ƴan'uwana masu shaguna, don Allah kowa ya juya kayansa ya karanta, wanda bai iya ba ya ba ɗansa ɗan lakwal. Hukumar lafiya ta jiha kuma ina roƙonta ta zagayo kasuwa, ta kuma ware mana wurin da za mu kai irin waɗannan kaya a lalata su. Ragowar katan ɗina, tub 31, yana ƙarƙashin gadona tun bara. Na ƙi mayar wa dilan da na saro a wurinsa, don na san washegari zai sayar wa wata.

Wassalam,
Mai shagon kayan jarirai,
Unguwar Zariya, Maradi