Amsa ga Hajiyar da ta tambaya: da wannan ranar tamu ma a ce babu bitamin D?

Assalamu alaikum, Hajiya.

Kin tambaye mu a bainar jama'a cewa kin ji ana faɗin yawancin masu zuwa ganin likita su koma gida suna da ƙarancin bitamin D, kika ce ta yaya haka za ta yiwu a ƙasar da rana ke gasa mutum tun hantsi, kuma ko ki je kemis ki saya kawai. Tambayar tana kan hanya.

Adadin da kika ji ya dogara ne ga inda aka ja layi. Gwajin jinin da ake yi shi ne 25-hydroxyvitamin D. Wasu masana na kiran abin da bai kai nanogram 20 a mililita ɗaya ba ƙaranci, wasu kuwa sai ya gaza 12. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashen Afirka, ya samu kusan kashi 34 cikin 100 na ƙasa da 20, kashi 18 na ƙasa da 12. Da aka ɗaga layin zuwa 30, sai adadin ya doshi kashi 60. Jini ɗaya ne, ma'auni ne ya sauya.

Sannan layin asibiti ba hoton gari ba ne. Wanda ke zaune a bencin jiran likita da ma da dalilinsa. Hanta ce ke fara sarrafa bitamin ɗin, ƙoda ta ƙarasa, don haka mai ciwon ɗayansu yana cikin haɗari. Magungunan farfaɗiya irin su phenytoin, phenobarbital da carbamazepine, da rifampicin na tarin fuka, da efavirenz na masu ɗauke da ƙanjamau, duk suna sa jiki ya ƙone shi da wuri. Mai ƙiba kitse ne ke riƙe nasa. Tsoho kuma fatarsa ba ta yin sa kamar ta yaro.

Batun rana kuwa, ba zafinta ne ke aiki ba. Wani ɓangaren haskenta ne mai suna UVB, kuma sai ya taɓa fata tsirara. Ba ya ratsa gilashin taga ko na mota, tufafi mai kauri na tare shi, baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara. Matar da ke wuni a ɗaki, in za ta fita ta rufe jiki ta shiga mota, tana iya rasa shi a tsakiyar Sakkwato. Haka ma'aikacin da ke shiga ofis da sassafe ya fito bayan la'asar. Ranar sassafe da ake shanya jarirai a cikinta ma ba ta da UVB sosai. Ki duba inuwarki: idan ta fi ki gajarta, lokacin ne fata ke yin bitamin D. Minti 20 zuwa 30 a tsakar gida, hannuwa da ƙwauri a buɗe, sau uku ko huɗu a mako, yana taimakawa ƙwarai. Abinci kaɗan yake bayarwa: kifin titus, sardin, hanta, da gwaiduwar ƙwai mai kusan IU 40 (IU shi ne ma'aunin da ake ƙirga bitamin ɗin da shi), alhali babba yana buƙatar 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 kuma 800.

Ba kowace lanƙwasasshiyar ƙafa ce ta bitamin D ba. A Jos, binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna yara masu gwame da ƙafa kamar baka sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a kan bitamin D shi kaɗai. Tuwon masara ko dawa ba tare da nono ko kifi ba shi ne babban mai laifi a can.

Mai lafiya ƙalau ba sai ya kashe kuɗin gwaji ba. Wanda ya kamata a gwada shi ne mai ciwon ƙashi da ya daɗe, musamman ƙugu da ƙwauri, ko wanda tashi daga tabarma ke gagara sai ya dafa gwiwa, ko wanda ya karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba, da mutanen da muka lissafa a sama. Idan ƙarancin ya tabbata, babba kan sha IU 50,000 sau ɗaya a mako har mako 8, tare da abinci mai maiƙo, sai a koma ƙaramin adadi kullum, a sake gwaji bayan wata 3.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha ƙwayar mako ɗin nan kullum. Bitamin D taruwa yake a jiki, kalsiyam ya hau a jini, sai ƙishirwa, yawan fitsari, amai, tsakuwar ƙoda. Kada ki wuce IU 4,000 a rana sai da umarnin likita, kuma ki karanta adadin da ke jikin kwalin kafin ki biya kuɗi.

Wassalam,
Likitocin da kika tambaya