Wasiƙa daga Kumasi kan jar tauraruwa mai aman wuta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mutanen Aboabo suna gaishe ka, Hajiya ma ba ta rabuwa da cigiyarka. Ka tambaye ni abin da ya ɗauke mini hankali a jami'a har na yi shiru haka. To, ga shi.

Wata tauraruwa ce a sararin kudu, sunanta AU Microscopii, mu dai AU Mic muke ce mata. Haskenta yakan yi shekara 32 a hanya kafin ya iso mu, kuma ba a ganinta da ido sai da madubin hangen nesa. Ja ce, nauyinta kusan rabin na rana. Ƙuruciyarta ce ta ja ni: shekarunta kimanin miliyan 23 ne kacal, ranarmu kuwa ta kai biliyan 4.6. Har yanzu ƙura da ɓaraguzan duwatsu na zagaye da ita.

A 2020 aka sanar da cewa kumbon TESS na hukumar NASA ta Amurka ya gano wata duniya mai girman Neptune, ɗaya daga manyan duniyoyin da ke kewaya ranarmu, tana kewaya ta cikin kwana takwas da rabi. Ba hotonta aka ɗauka ba. Giftawa take yi ta gaban tauraruwar, sai haske ya ɗan dushe na awa uku da rabi, dushewar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 300 ba. Daga baya aka tabbatar da ta biyu, mai kewayen kusan kwana 19.

Wahalar ita ce tauraruwar ba ta zama wuri ɗaya. Fuskarta cike take da manyan baƙaƙen tabo, wuraren da ƙarfin maganaɗisu ya danne zafin da ke tasowa daga ciki. Tana juya kanta cikin ƙasa da kwana biyar, tabon su ɓuya su dawo, haske ya yi ta hawa da sauka fiye da abin da duniyar ke ragewa nesa ba kusa ba. Ga kuma aman wuta kusan kullum. Kamar a ce ka gane giftawar sauro a gaban aci-balbal ne, iska kuma tana kaɗa harshen wutar.

Da ka zauna kusa da ni gaban kwamfuta da na nuna maka a zanen hasken. Aman wuta yakan cilla sama farat ɗaya, sannan ya sauko sannu a hankali. Giftawa kuwa rami ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, kuma ba ta saɓa lokacinta. Da wannan cika alkawarin muke gane ta, ko da aman wuta ya faɗo a tsakiyarta.

Wallahi duniyar nan ta farko tana ba ni tausayi. Madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya ya hango iskar haidurojin tana tsere mata saboda zafin hasken da ke dukanta, a wani zagayen an gani, a wani babu alama. Ranarmu ma ta yi irin wannan zafin kai tana ƙarama, duniyarmu kuma ta tsira da iskarta. Abin da nake son fahimta ke nan.

Bayanan TESS kyauta suke a intanet. In kana so in turo maka, ka gwada da ɗalibanka na lissafi. Ka gaida Baba da su Inna, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
amininka na Aboabo, Kumasi