Zuwa ga Yaya Alhaji, daga Guangzhou

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da su Hajiya da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗan sanyin kasuwa, amma alhamdulillahi.

Na aiko yuan 3,000 ta hannun Malam Isa. Rabi na maganin Inna ne, sauran kuɗin makarantar su Ummi. Don Allah kada a taɓa na maganin.

Na ji ana yawo da magana wai ƙaninmu Bashir ya ɗaura aure da Basiniya a ɓoye. Ba a ɗaura komai ba. Yarinyar ta musulunta, magana ta kai gaban mahaifinta, nan aka tsaya. Na kuma ji Inna na kuka wai zai ɓace mata kamar ɗan Kawu na Amurka. Yaya, ka zaunar da ita ka gaya mata ba hanya ɗaya ba ce.

A Amurka yaro na cika shekara 18 doka ta sallame shi. Galibi saurayi da budurwa su ke yanke maganarsu, iyaye sanar da su ake yi. Tsoho kuma da fanshonsa yake zaune, in ƙarfi ya ƙare a kai shi gidan kula da tsofaffi. A nan Sin kuwa wanda ya auri yarinya ya auri gidansu. Kuma wannan ita kaɗai iyayenta suka haifa, don ta zo duniya lokacin dokar ɗa ɗaya, wadda sai 2016 aka sassauta ta zuwa biyu, 2021 zuwa uku. Ba wa, ba ƙane. Uwa da uba da kakar da ta rage duk a wuyanta suke, gobe kuma a wuyan Bashir. Tun 2013 dokarsu ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa leƙa tsofaffinsu, har kotu iyaye kan kai ƙara. Saboda haka kada kowa ya sa rai zai kawo ta Kano ta tare. Ba za ta bar su ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Uban ya nemi yuan 66,000 kuɗin aure, abin da suke kira caili. Lamba 6 da 8 sa'a ce a wurinsu, 4 kuwa gudunta suke yi don furucinta ya yi kama da na mutuwa. Bayan wannan al'adarsu ango ne ke samar da gida. Shi ya sa Bashir ya fara zancen gonar Baba. Kada ka sayar, Yaya. Ko ya bugo maka waya yana kuka, kada ka sayar. Ni ne na ɗauko shi daga gida, nauyin nan nawa ne, zan san yadda na yi.

Akwai abin da zai burge Inna. Mai jego a nan wata guda take yi a ɗaka, ba ta taɓa ruwan sanyi, ana ɗura mata romon kaza da citta, uwarta ko surukarta na kanta, kusan irin namu. Kakanni ke renon jika iyaye su tafi aiki, ba kamar Amurka ba da ake biyan gidan reno daloli masu yawa duk wata.

Inda nake jin tsoro shi ne Qingming, 4 ko 5 ga Afrilu, ranar da dangi ke zuwa share kaburbura, su ƙona turare da kuɗin takarda, su rusuna wa magabata. Suruki da ya ƙi zuwa ya ci mutuncin gida. Na ce wa Bashir tun kafin kuɗi ya fita ya gaya musu zai je ya yi shara, amma ba rusunawa, tukunyarsu kuma daban saboda alade. Ya sani kuma mace ɗaya doka ta yarda, Sin ba ta yarda yaro ya riƙe fasfo biyu ba, bizar aure kuma ba izinin aiki ba ce.

In kun amince, abin da ake bukata daga gida shi ne takardar rantsuwar kotu cewa ba shi da mata, a buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan na ofishin jakadancin Sin. In hatimi ɗaya ya yi ƙaranci dawo da ita za su yi. Amma kada a fara sai Inna ta ce to da bakinta.

Shekara uku ban ga fuskarta ba, abin na damuna. A turo mini hoton takardar likita. Gonar nan dai, Yaya, kada a sayar.

Ƙaninka,
Nasiru