Kafin ka kama aiki a gandun daji

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji an kammala horon naku, saura a tura ku gandun da za ku tsare. Allah ya sa a shiga da ƙafar dama.

Na san abin da aka fi cusa muku shi ne sintiri: kama mafarauci, korar masu sare itace, hana shanu tsallaka iyaka. Duk aiki ne. Sai dai iyakokin gandayen nan an shata su ne bisa ruwa da ciyawar wancan zamani, wasu tun lokacin Turawa. Yankari, misali, tun 1956 aka keɓe shi. Iyaka tana nan inda aka sa ta, amma damina ta sauya hali, ta makara ko ta zo da ambaliya ta ɗauke da wuri. Dabba kuwa ba ta san taswira ba, inda ruwa yake can ta nufa.

Saboda haka ka sa ido a kan mashaya fiye da komai. Babbar giwa kan sha lita 200 a yini. Gandun Hwange na Zimbabuwe ba shi da babban kogi mai gudu duk shekara, da rijiyoyin burtsatse ake cika tafkunansa, kuma da damina ta makara a ƙarshen 2023 giwaye aƙalla 100 suka mutu. A Kenya, farin 2022 ya kashe giwaye 205 cikin 'yan watanni, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na arewacin Botswana a 2020: giwaye sama da 300 suka faɗi, wasu a bakin ruwa, daga baya hukuma ta ce dafin wasu ƙwayoyin halitta ne da ke yaɗuwa a ruwan da ya kwanta ya ɗumama. Ruwan yana nan, shi ne ya zama guba. In ka ga tafki ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ko ka tarar da mushe biyu uku a gefensa babu rauni, kada ka jira gobe, ka kai rahoto a ranar.

Ka riƙe ɗan littafi a aljihu. Ranar da aka yi ruwan farko, ranar da tafki kaza ya ƙafe har laka ta tsage, watan da aka fara ganin gobarar daji, inda ka ga sawun ɓauna bana da ba ka gani bara. Abokan aikinka za su yi maka dariya, ƙyale su. Bayan shekara goma, littafin nan ne zai nuna ko gandun yana canjawa, don idon da ke kallon wuri kullum ba ya lura.

Amma kada ka zama cikin masu ɗora wa sauyin yanayi kowane laifi. Dubi fadamar Haɗeja da Nguru, wadda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Ƙarancin ruwan sama ya taɓa ta, gaskiya ne, amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su ma sun rage ambaliyar da ke raya ta, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki. Wannan aikin hannun mutum ne, kuma mutum na iya gyara shi. Jami'in da ya ce "yanayi ne" alhali sakaci ne, neman mafaka yake.

Sai maganar da ta fi damuna, wato mutanen da ke kewaye da gandun. Idan rani ya tsananta, gandu ne kaɗai wurin da ya rage da ɗanyar ciyawa. Makiyayin da burtalinsa ya zama gona, mashayarsa ta ƙafe, zai kutsa ko da ya san akwai tara. Giwa ita ma za ta fita ta tattake gonar wani a dare ɗaya, ta cinye wahalar shekara. Kai ne a tsakiya. Doka dai doka ce, ban ce ka kau da kai ba, kuma kada ka kuskura ka karɓi ko sisi don ka bar garke ya kwana ciki. Amma ka bambanta mai yunwa da mai fataucin haure. Ka je ka gai da mai gari da arɗo tun kafin rigima ta haɗa ku. Dattawansu sun san kwarin da ba ya ƙafewa da shekarar da ya taɓa ƙafewa, kuma ranar da gobara ta tashi su za su riga motar ofis isowa.

Kada ka fita sintiri kai kaɗai, komai kusancin wurin, kuma ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato za ka sha. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ka riƙa kira duk sanda ka samu sabis. Da zarar an faɗa muku gandun da aka tura ka, ka sanar da mu.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka