Gani ya kori ji? Malaman Indiya sun daɗe da yin wannan gardama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tanka wa mai rubutu a shafinku na ra'ayi, wanda ya ce maganin jita-jita ɗaya ne: kada mutum ya yarda da komai sai abin da idonsa ya gane masa, tunda gani ya kori ji. Shekara 31 na yi ina magatakardan kotu kafin in ajiye aiki, ban taɓa haɗuwa da alƙalin da aka yi sata a gabansa ba. Duk hukuncin da hannuna ya rubuta daga bakin shaidu aka samo shi. Da za a bi shawarar malam, sai dai a garƙame kotuna kowa ya kama gabansa.

Ra'ayin nasa ba sabo ba ne, yana da tsohon gida a Indiya. Ɗana da ya yi karatun haɗa magunguna a can ne ya kawo mini littafi a kan falsafarsu, wai don in rage zaman banza. Mu nan da an ce Indiya sai fim da asibiti, ashe malamansu sun shafe fiye da shekara dubu suna musu a kan tambaya guda: ta wace ƙofa sani na gaskiya yake shiga zuciyar mutum? A Sanskirit, tsohon harshen malamansu, suna kiran kowace ƙofa piramana.

Mazhabar Carbaka ita ce ta malam marubuci. Ƙofa ɗaya ta yarda da ita, wato gani da sauran abin da gaɓɓai ke riska. Idan ka ce musu hayaƙi alamar wuta ne, sai su tambaye ka ko ka ga duk hayaƙin duniya, na jiya da na gobe. Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne littattafansu na asali sun ɓace, kusan duk abin da aka sani game da su daga bakin abokan gardamarsu aka ji shi. Mutanen da suka ƙi ji, ta hanyar ji kaɗai suka iso gare mu.

Mazhabar Niyaya kuwa ƙofa huɗu ta lissafa: gani, kafa hujja da alama, kwatanci, da magana. Tushenta wani matani ne da ake jingina wa Gautama, ba Gautama na addinin Buda ba, wani ne daban. Hujjarsu gaɓa biyar gare ta. Akwai wuta a kan dutsen can. Saboda akwai hayaƙi. Duk inda hayaƙi yake akwai wuta, kamar a madafi. Dutsen nan yana da irin wannan hayaƙin. Don haka akwai wuta. Gaɓa ta uku ce ta burge ni, domin ba a yarda ka kawo ƙa'ida tsirara ba, sai ka nuna misalin da kai da abokin musunka kuka sani. Sun kuma yi kashedin kada a juya maganar: ƙarfen da ya yi jawur a maƙera wuta ce ba hayaƙi, hayaƙi sai da ɗanyen itace.

Amma ƙofa ta huɗu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shabda suke ce mata, kuma ba kowace magana ba ce, sai ta wanda suke kira afta, amintacce. Batsiyayana, wanda ya yi wa matanin sharhi wajen ƙarni na 5, ya fayyace shi: mutum ne da ya san abin kai tsaye, yake kuma nufin ya isar da shi yadda ya gan shi. Ya ƙara da cewa wannan siffa ɗaya ce ga babban malami da ɗan ƙasa da bare. A ƙasar da aka kasa mutane aji-aji tun daga haihuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da na karanta wurin sai na ajiye littafin, domin tambayoyin nan biyu su ne na yi ta ji ana yi wa shaida har na tsufa: kana wurin? Me ke tsakaninka da wanda ake ƙara?

Malaman Buda ba su yarda ba. Dignaga, wanda ya rayu wajen shekarar 500, da Darmakirti da ya biyo bayansa, sun ce ƙofa biyu ce kawai, gani da hujja. A wurinsu idan ka gaskata mutum, lissafi ka yi a ɓoye: wannan bai saba ƙarya ba, don haka maganarsa gaskiya ce. 'Yan mazhabar Mimansa suka tsaya a ɗaya gefen, suka ce sani yana zuwa da ingancinsa, sai in wani abu ya rushe shi. A ganina kotu ta Dignaga ce, gida da kasuwa na Mimansa ne. Wanda zai tsaya tantance mai shayi kafin ya yarda akwai sukari a kofi, yunwa za ta kashe shi. Su Kumarila na Mimansa ma har ƙofa shida suka kai. Misalinsu da na fi so, na ɗaya daga ƙofofin da suka ƙara, shi ne wani Debadatta, ƙato mai ƙiba da ba ya cin abinci da rana. Dole ke nan yana ci da dare. Duk wanda ya ga yadda wasunmu ke fitowa daga watan azumi ba ya buƙatar sharhi.

Shi kansa idon da malam ya dogara da shi, ba su ƙyale shi ba. Igiya da ake ɗauka maciji da almuru, da ɓawon kawa mai ƙyalli da ake zaton azurfa ce, sun cika littattafansu. Na tuna wata dattijuwa da ta rantse ta ga ɗan maƙwabcinta yana jan akuyarta bayan magariba. Ba maƙaryaciya ba ce, kowa a unguwa ya shaide ta. Daga baya ta tabbata yaron yana kwance a asibiti a wani gari tun kwana uku kafin nan. Ita ta gani, mu muka ji, kuma jin ne ya kuɓutar da yaron.

Kada wani ya ce na ɗauko abin da ba namu ba. Albiruni, malami Musulmi, ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, kuma da wannan batu ya buɗe shi. Ya yarda labari ba kamar gani ba ne, sannan ya lura cewa ido abin da ke gabansa a lokacin kaɗai yake kamawa, labari kuwa yana ɗauko har abin da ya shige. A zaurukanmu ma ɗalibin tauhidi ya san Nasafi ya lissafa sabuban sani uku: lafiyayyun gaɓɓai, labari na gaskiya, da hankali. Kusan lissafin mazhabar Sankiya ta Indiya ke nan.

Ina jiran amsar malam a wannan shafi. In zai yiwu, ya fara da gaya mana ranar da aka haife shi, da yadda aka yi ya sani.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu, Zariya