Abba, kar ka taɓa lambar nan

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya sanyin Maryland? Ummanka ce take gaya min jiya ka kira ta murya duk a sanyaye, wai awon da kuka yi ya ƙi zuwa ɗaya da lissafin masu tiyori har kana tunanin zubar da wasu sakamakon da suka yi nisa da sauran. To ni dai shekara 30 na yi ina koyar da fiziks a sakandare, injin naku na awo da igiyar nutron ma a hoto kawai na san shi, amma wannan kam ka saurare ni, kar ka cire ko ɗaya sai ka san takamaimai abin da ya ɓata shi kuma ka rubuta dalilin kowa ya gani.

Ka tuna tiritiyam mana, nau'in haidurojin ɗin nan mai nauyi, furoton 1 nutron 2 a cibiyarsa. Awo ya ce ƙarfin da ya ɗaure su 8.48 MeV ne (MeV ɗin ma'aunin makamashi ne), shi kuma lissafin Argonne v18 da yake ɗaukar su bibbiyu ya tsaya wajen 7.6, kusan MeV guda ya yi ɓatan dabo. Wannan giɓin ne fa ya sa dole a saka ƙarfin da ba ya fitowa sai ukun sun haɗu, kuma irinsa kuke farauta a diyutiriyam (shi ma nau'in haidurojin ne) da hiliyam, to in ka matso da lambarka don ta yi wa lissafi daɗi me kuma za a gwada lissafin da shi?

Ba kuma cewa na yi awonka wahayi ne ba. Tun da masanin fiziks Rauch da abokansa suka fara irin awon nan a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1974 an san halinsa, dunƙulen silikon guda ya raba igiyar nutron gida biyu, ɗaya ta ratsa gas ɗaya ta wuce haka nan sannan su sake haɗuwa, ɗan zafi ko girgiza kaɗan sai ya rikita komai, ga shi a femtomita kuke magana, ɗan mitsitsin tsawo kamar girman cibiyar atom. Koma ka duba zafin ɗakin, tsabtar gas ɗin, matsinsa da kaurin mazubin, in duk lafiya lau ne ka kai wa malaminka yadda yake.

Ummanka ta daka maka yaji ta haɗa da kuka, mai zuwa muke jira. Ka kira ta ran Juma'a, kuma dan Allah ka dinga bacci.

Babanka